Tarihin Marigayi Dokta Barau Dikko, Likitan Farko Na Arewa

Duk wanda ya taɓa zuwa Kaduna jinya ko dubiya, da wuya a ce bai ji sunan Asibitin Barau Dikko ba, watau asibitin nan da Jami'ar Jihar Kaduna take koyar da ɗalibanta aikin likita. Amma in ka tsai da mutum goma a bakin ƙofar asibitin, ka tambaye su ko wane ne mai wannan suna, ba lalle ne ka sami biyu da za su ba ka amsa ba. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu tarihinsa a taƙaice, musamman malaman makaranta da akawunan hukuma na ƙasar Gumel da kewaye. Dalili kuwa shi ne, cikin labarin wannan mutum akwai amsar wata tambaya da ta daɗe tana damunmu: me ya sa 'ya'yanmu suka yi ƙaranci a wuraren koyon likitanci da aikin injiniya da sauran fannonin kimiyya?

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

Cikakken sunansa Russell Aliyu Barau Dikko. An haife shi a ƙasar Zazzau cikin shekarar 1912, asalinsa kuwa Bafillace ne. Ya tashi cikin 'yar ƙaramar jama'ar nan ta Hausawa da Filani Kirista, waɗanda suka taru a hannun wani Baturen Mishan, Dokta Walter Miller. Shi wannan Bature likita ne, ya zauna birnin Zariya tun 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya kuma iya Hausa ƙwarai. Cikin 1929 aka tashi Mishan ɗin daga cikin birni aka mai da shi Wusasa, a bayan ganuwa, inda yake har yanzu.

A wannan makaranta Barau ya fara karatu. Da malamansa suka ga kansa yana ja, sai aka tura shi Ikko, ya shiga King's College, wadda Gwamnati ta buɗe a 1909, kuma a zamanin nan tana cikin 'yan makarantun da ake koyar da kimiyya sosai har yaro ya isa shiga jami'a. Daga nan, bisa shawarar Dokta Miller, ya ƙetare zuwa Ingila, ya shiga Jami'ar Birmingham ya karanta aikin likita. Ya komo gida ya kama aikin Gwamnati a 1940. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita irin na zamani.

To, a lura da wannan shekara ta 1940. Wani mutum mai suna Nathaniel King ya gama karatun likita a Edinbara tun 1876, ya zo ya yi aiki a Ikko. Herbert Macaulay kuwa ya komo daga Ingila da ilmin safiyo da aikin injiniya a 1893. Watau ke nan Kudu ta riga Arewa samun likita da shekara sittin da wani abu. Kowa ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

Abin Da Ya Jawo Wannan Rata

Akwai masu cewa wai mutanenmu ba su da kan lissafi. Wannan magana ba ta da tushe. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya yi suna har ƙasar Masar saboda ilmin hisabi, ya kuma bar rubuce-rubuce a kansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan cututtuka da magungunansu. Haka kuma maƙeran ƙasar nan sun san narka tama, magina sun san ɗaure bakan gizo na soro ya shekara ɗari bai faɗi ba, masu haƙar rijiya sun san inda ruwa yake. Ƙasar da ta haifi waɗannan ba za a ce ƙwaƙwalwa ta yi mata ƙaranci ba.

Dalilin yana wani wuri dabam. Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar nan, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita shigar 'yan Mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. A Kudu kuwa 'yan Mishan su ne suka gina yawancin makarantu. Da ya kamata Gwamnati ta cike wannan gurbi da makarantunta masu yawa, amma ba ta yi ba. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, aka bi da 'yan makarantun Elementare da na Midil nan da can, sa'an nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921. Babban nufin waɗannan makarantu shi ne a sami malaman makaranta da malaman En'e, masu rubuta haraji da riƙon littafin baitulmali da fassara wa Joji magana. Kwalejin Katsina ta yaye manyan mutane, irin su Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ba don ta kai yaro jami'a ya zama likita ko injiniya aka kafa ta ba. Wanda yake son aikin lafiya, iyakarsa ya zama malamin asibiti, ko mai ba da magani a disfensare, ko duba-gari. Su ma iyaye, ganin boko ya zo a hannun baƙi, da yawa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu, har ya zama sai dagaci ya yi tilas kafin a cika aji.

Mu dubi ƙasar Gumel ga misali. An gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930, ta bi ta Gagarawa. Mutanen ƙasar sun sare itatuwa, sun ɗauki ƙasa a ka, daga baya suka noma gyaɗar da jirgin yake kwasa. Amma wanda ya auna hanyar, da wanda ya zana gadoji, da wanda ya san cikin injin, duk baƙi ne. Cikin yaran da suka riƙa tsayawa a bakin dogo suna kallon jirgi yana wucewa, Allah kaɗai ya san nawa ne suke da kai irin na Barau Dikko. Bambancinsu da shi abu uku ne: shi ya sami makarantar da ta ba shi tushe mai ƙarfi, ya sami malamin da ya san hanya ya kuma nuna masa, ya sami masu ɗaukar nauyinsa har ya kai ƙarshe. Su kuwa ko ɗaya ba su samu ba.

Wannan ba rage wa marigayin daraja ba ne. Wanda aka nuna wa hanya, shi ne dai zai taka ta da ƙafarsa. Yaron da ya bar Zariya ya tafi Ikko a wancan zamani, tamkar ya tafi wata duniya ne: harshe dabam, abinci dabam, 'yan ajinsu kuwa kusan duk 'yan Kudu ne, waɗansu ma tun kakanninsu ake boko a gidansu. Da ya je Ingila abin ya ƙaru, ga sanyi, ga kewar gida, ga shi baƙar fata cikin Turawa. Ba shi da wani ɗan Arewa da ya riga shi, balle ya tambaye shi yadda ake yi. Duk ya jure, ya gama, ya kuma komo gida.

Aikinsa Na Likita

Ya fara daga ƙaramin muƙami. A lokacin nan manyan kujerun aikin lafiya na Turawa ne. Tun 1902 aka yi ƙa'ida cewa babban rukunin likitocin Gwamnati na Afirka ta Yamma na Turawa ne kaɗai, likita baƙar fata kuwa, ko da takardarsa ɗaya da ta Bature, a wani mataki na ƙasa ake ajiye shi. An daɗe kafin ragowar wannan al'ada ta gushe. Dokta Dikko ya yi haƙuri ya riƙe aikinsa. Cikin 1953 ya zama babban likita, cikin 1957 kuma aka ɗaga shi zuwa babban muƙami a sashen yaƙi da cututtukan da suka zaunu a ƙasa, a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa. Wajen lokacin samun mulkin kai ya zama Babban Sakataren ma'aikatar.

Matasan yanzu ba za su gane nauyin wannan aiki ba sai an tuna musu yadda ƙasar take. Agana tana shiga gari ta kashe na kashewa, ta makantar da waɗansu, ta bar sauran da zane a fuska. Sanƙarau yana zuwa da bazara, kamar yadda ya yi ɓarna mai yawa a 1949 da 1950. Kuturta tana ko'ina. Ciwon barci ya tashi garuruwa a ƙasar Zazzau, har aka sake wa mutanen Anchau matsuguni saboda ƙudan tsando. Kurkunu kuwa yana kwantar da manomi daidai lokacin da gona take bukatarsa. Ga ƙasa mai faɗi, ga mutane miliyoyi, ga likitoci 'yan kaɗan. Saboda haka aikin ya dogara ga ma'aikatan da suke bin ƙauyuka suna lamba, suna duba mutane, suna raba ƙwayoyin kuturta mako mako a ƙananan ɗakunan magani na En'e. A irin wannan aiki, likitan da ya san harshen mutane da al'adunsu, wanda zai zauna gaban hakimi ya yi masa bayani ba tare da tafinta ba, ya fi ƙarfin a kwatanta amfaninsa. Yau agana ta ƙare a duniya tun 1980, an kuma tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu a 2013. Mutane da yawa ne suka sa hannu har aka kai ga haka, amma ma'aikatan lafiya na zamanin Dokta Dikko suna cikin waɗanda suka share fagen.

Jam'iyyar Mutanen Arewa

Dokta Dikko bai tsaya ga allura da magani kaɗai ba. Ya ga an buɗe Kwalejin Jami'a a Badun cikin 1948, ya ga ana maganar sabon tsarin mulki, ya kuwa san Arewa ba ta da mutanen da za su riƙe ayyukan da Turawa za su bari. Cikin watan Oktoba na 1948 ya tara waɗansu 'yan boko a Zariya suka kafa ƙungiya. A Kaduna ma Malam D. A. Rafih ya tara waɗansu. Ƙungiyoyin biyu suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka yi babban taronta a Kaduna cikin watan Yuni na 1949, aka zaɓi Dokta Dikko ya zama shugaba. Cikin waɗanda suka yi tafiyar tare da shi akwai Malam Abubakar Imam, da Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano, da Malam Yusufu Maitama Sule. Abokan gaba uku suka ɗaura wa yaƙi: jahilci da lalaci da zalunci.

Akwai abin lura a nan. Yawancin waɗanda suka taru Musulmi ne, waɗansunsu ma malamai ne 'ya'yan malamai, amma suka ɗauki Kirista, ɗan jama'ar da ba ta taka kara ta karya ba wajen yawa, suka sa shi gaba. Ilminsa suka duba, da natsuwarsa, da kishin ƙasarsa. Mutumin da ya yi karatu cikin 'yan Kudu a Ikko, ya yi aiki cikin Turawa, a gida ma yana cikin 'yan tsiraru, amma gida ba ta ƙi shi ba. Da Arewa ta ƙi shi saboda addininsa, da ta yi asarar likitanta na farko.

Cikin watan Oktoba na 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, watau N.P.C. Doka kuwa ta hana ma'aikacin Gwamnati shiga siyasa. Ya zama dole Dokta Dikko ya zaɓi ɗaya, ko shugabancin jam'iyyar da ta kama hanyar mulkin Arewa, ko aikin asibiti. Ya sauka daga shugabanci ya riƙe aikinsa. A ganinmu ya yi daidai, gama masu iya hawa dandamali su yi lacca suna da dama, amma likitoci 'yan Arewa a lokacin ba su cika yatsun hannu ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Cikin 1967, da Janar Yakubu Gowon ya kafa majalisarsa, shi ma kuwa a Wusasa ya tashi, sai ya naɗa Dokta Dikko Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki. A zamanin da yake riƙe da wannan ma'aikata ne aka buɗe madatsar ruwa ta Kainji, aka kuma yi dokar man fetur ta 1969. Cikin 1971 aka mai da shi Ma'aikatar Sufuri. Duka biyun ma'aikatu ne na injiniyoyi da masu ilmin ƙasa, inda 'yan Arewa suka fi ƙaranci. Ya rasu a 1977, yana da shekara sittin da 'yan kai.

Kafin rasuwarsa ya ga abubuwa sun fara sakewa. Gwamnatin Sardauna ta bi manufar fifita ɗan Arewa wajen ɗaukar aiki, amma ta tarar kujerar akawu tana da saukin cikawa, ta likita da ta injiniya kuwa sai an yi shekaru ana shuka. Kwamitin Ashby, wanda ya ba da rahotonsa a 1960, ya nuna 'yan Arewa kaɗan ne ƙwarai cikin ɗaliban Badun, ya kuma ba da shawarar a yi jami'a a Arewa. Aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, aka fara koyar da likitanci a cikinta a 1967. Shugabanta na farko ɗan ƙasa, Farfesa Ishaya Audu, wanda ya riƙe ta daga 1966 zuwa 1975, shi ma likita ne, shi ma kuma Wusasa ya yi karatu. Da ya ga jami'a tana Arewa amma azuzuwan kimiyya ba su samun isassun 'yan Arewa, sai aka buɗe makarantar share fage a 1970, don a ɗauko yaro daga sakandare a ƙarfafa shi kafin ya shiga.

A shekarar da Dokta Dikko ya rasu, tsohuwar Jihar Kano, wadda ƙasar Gumel take cikinta a lokacin, ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Tofa, ɗaya a Dawakin Kudu. Aka riƙa yi wa yara jarrabawa daga makarantun jihar duka, a zaɓi masu ƙoƙari, a ba su wurin kwana da abinci da ɗakin gwaje-gwaje da malamai na ƙwarai. Ba a daɗe ba sai ga likitoci da injiniyoyi suna fitowa daga gidajen manoma. Watau abubuwan nan uku da Barau Dikko ya samu shi kaɗai, da aka ba yara da yawa, sai yara da yawa suka yi abin da ya yi.

Abin Da Ya Rage Mana

Yanzu ba a rasa makarantu kusa da mu ba. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, akwai Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Kwalejin Ilmi a cikin garin Gumel. Jami'o'in Tarayya suna ware kashi 20 cikin ɗari na guraben shiga saboda jihohin da aka bari a baya wajen ilmi, Jigawa kuwa tana cikinsu. Manufar Gwamnati kuma ita ce kashi 60 cikin ɗari na masu shiga jami'a su zama 'yan kimiyya. Amma gurbi ba ya cika kansa. Ba a ɗaukar yaro karatun likita ko injiniya sai ya ci darussa biyar da kyau, cikinsu har da Lissafi da Turanci da Fiziks da Kemistiri. Yaron da ya bar aji huɗu na firamare bai iya raba lamba ba, tun ran nan aka rufe masa ƙofar, ko da shi da iyayensa ba su sani ba.

Har ila yau, cikin Arewar ma akwai na gaba akwai na baya. Ɗan birni da ubansa ma'aikaci ne ya san akwai jarrabawar shiga makarantar kimiyya, ya san ranar da ake rufe karɓar takardu. Ɗan ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, da ɗan makiyayi da yake bin shanu a dajin Gagarawa, da yaron da yake barin aji ran Alhamis don ya ja akuya a kasuwar Maigatari, da yarinyar da ake cirewa daga makaranta tana tsakiyar ƙoƙarinta, su ne a yau suke tsaye inda Arewa duka take tsaye a 1912. Alhali kuwa ƙasarsu ce ta fi bukatar masu wannan ilmi: mai sanin inda za a haƙa rijiyar burtsatse ta yi ruwa, da likitan dabbobi saboda babbar kasuwar nan ta kan iyaka, da mai sanin yadda za a tsai da hamada, da likita mace wadda matan karkara za su sake jiki su gaya mata abin da yake damunsu.

Saboda haka muna kira ga malaman firamare, kada a mai da darasin Lissafi abin yi in an sami sarari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In babu kayan aiki, akwai tsakuwa da kara da mudu da igiyar awon gona. In malami ya ga yaro mai kai, namiji ko mace, ɗan kowa ne, kowane addini yake bi, to ya rubuta sunansa, ya taka har gida ya ga mahaifinsa, ya gaya masa abin da yaron zai iya zama da hanyar da za a bi. Abin da Dokta Miller ya yi wa Barau ke nan, ba ya kuwa bukatar kuɗi.

Ku kuma akawuna da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi, ku ne magadan malaman En'e na dā, takardun 'ya'yan talakawa ta hannunku suke bi. Sanarwar jarrabawa ko ta tallafin karatu, in ta kwana cikin aljihun tebur har ranarta ta wuce, ba wanda zai zo ya tuhume ku, gama wanda aka cuta bai ma san an cuce shi ba. Amma ku sani wataƙila likita ne ko injiniya kuka rufe a cikin aljihun. A aika da sanarwa kowace makaranta a kan lokaci, har ta ƙarshen kan iyaka. A ba da takardar shaidar ɗan ƙasa ba tare da wahalar da yaro ba. Gurbin da aka ware saboda na baya kuma, a bar wa na bayan.

Arewa ta jira har 1940 kafin ta sami likita ɗaya nata na kanta. Ƙauyukanmu da yawa har yanzu suna jiran nasu na farko, kuma mai yiwuwa ne yana zaune a aji uku a gaban ɗayanmu. Allah ya ba mu idon gane shi, da zuciyar taimakonsa, amin.